Yaran da ke haɗa na'urar tartsatsi a gida na bukatar mai nuna musu hanya

Malam Edita, Assalamu alaikum.

Don Allah ka ba ni fili in yi magana kan wani abu da ya shigo yayi tsakanin samarinmu nan Sakkwato. Ni gyaran talabijin da rediyo nake yi, kuma kwanan nan yara ƴan sakandare da na poli sai zuwa suke shago suna tambayar tsohuwar taransifomar maikirowef (na'urar ɗumama abinci) da kafasita, wai za su haɗa na'urar nan mai fitar da tartsatsi kamar walƙiya da suke gani a YouTube, wadda Nikola Tesla ya ƙirƙiro a Amurka tun 1891. Wallahi abin ya burge ni, yaron da ya zauna yana naɗa wayar kwil da hannu ya fi wanda ke zaman majalisa yana latsa waya. Amma fa akwai inda nake jin tsoro.

Duk hankalinsu na kan kwil ɗin da tsawon tartsatsi, ba su damu da kafasita ba, alhali nan mutuwa take. Aikinta ta tara wuta ta sake ta lokaci guda ta ratar da tartsatsi ke tsallakawa, kuma ko ka zare filogi ko an ɗauke wutar Nepa, abin da ta tara yana nan ciki yana jiran hannu. Ta maikirowef ana yin ta ne don volt wajen 2,100, taransifomarta kuma na ba da wajen volt 2,000 da ƙarfin da ya isa ya tsayar da zuciyar ƙato nan take, mu da ke wannan sana'a ba mu buɗe maikirowef sai mun sauke wutar kafasitar mun auna da mita. To ina ga yaro da ke aiki a ƙasan siminti ba takalmi, ga zufa ta jiƙe hannu a wannan zafi namu na Afrilu.

Wani yaro ya kawo min tashi kafasitar, kwalaben lemu ne ya cika da ruwan gishiri ya naɗe su da takardar alminiyam ya jera a bokiti. Dabarar tsohuwa ce, kusan haka aka yi kafasita ta farko a garin Leiden na Holan wajen 1745, kuma tana aiki, sai dai gilashi kan tsage in ya yi zafi, ga ruwan gishiri a kusa da wuta mai ƙarfi, mi kake jira?

Masu abin da sunka san shi ƙananan kafasita na leda suke amfani da su, irin polypropylene, su jera da yawa. In ka haɗa goma masu volt 2,000 bi da bi, wutsiyar wannan a kan waccan, za su iya ɗaukar volt 20,000 amma abin da suke tarawa a kowane volt ya koma kashi ɗaya cikin goma na guda ɗaya, sai a ƙara wasu layuka gefe da gefe a maido adadin. Kuma ba a cika su har wuya, ana barin rata sosai saboda wutar kan yi tsalle ta wuce lissafi. Abin da yaran nan ba su sani ba shi ne in ka ninka volt sau biyu, ƙarfin da ke ajiye ciki sau huɗu yake ninkuwa. Kafasita masu gwangwani da ke da alamar + da - na cikin rediyo kuwa ko kusa kada a sa su, fashewa suke yi a fuskar mutum.

Sannan resista. Kowace kafasita a ɗaura mata resista babba, kamar megaohm 10, wadda za ta riƙa tsotse wutar a hankali bayan an kashe. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba amma ban ga ko ɗaya a kayan da yaran nan ke kawo min ba, don bidiyon da suke kallo ba ya nuna ta, tartsatsi kawai ake nunawa. Ko da resista ma sai an sake sauke wutar da sanda mai rufi kafin a taɓa, don ita ma tana mutuwa ba ka sani ba.

Ba na goyon bayan iyaye su ƙwace kayan su zubar, yaro zai koma ɗakin abokinshi ne ya yi a ɓoye. Roƙona ga malaman fiziks da na lantarki, muna da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ga Cibiyar Binciken Makamashi a cikinta, ga poli ta Umaru Ali Shinkafi, a ware ko ranar Asabar ce a buɗe musu wokshop su zo da kayansu a duba, a fara su da ƙaramar na'ura mai batir. Mu masu shago kuma mu daina sayar wa yaro taransifomar maikirowef sai ya zo da malaminshi, ni dai na daina.

Na gode.
Mai gyaran talabijin, Mabera, Sakkwato.