Lambun haɗin gwiwa a ƙauye: a fara da fili da shinge da ruwa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 a watan Yunin 2022, samarinmu 'yan ci-rani da yawa ke zaman jiran tsammani a Agege da Idi-Araba, alhali tumatir da albasa da tattasan da ake saukewa a kasuwar Mile 12 daga Arewa suke fitowa. Shi ya sa muke goyon bayan lambun haɗin gwiwa a ƙauyuka, domin samarin su koma gida su noma, muddin za a yi shi da tsari.

Abin da ya fi kashe irin wannan lambu shi ne rigimar fili. A rubuta yarjejeniyar aro ta aƙalla shekara 3 a gaban dagaci, domin da ƙasa ta sha taki ta yi kyau, magada za su taso. Sai shinge tun kafin a zuba iri. Da rani dabbobi a sake suke, akuya ɗaya ta isa ta share gadon reno kafin azahar. A kewaye da ƙaya, a jera zogale ta ciki. Rabin eka ya ishi samari 10 da rijiya ɗaya da injin ban-ruwa mai inci 2. Kowa a yanka masa nasa fangali; kuɗin mai da gyaran inji kaɗai za a riƙa haɗawa. Gonar kowa da kowa, ciyawa ke cinye ta.

Kada a fara da tumatir zalla. Saurayin da ya saba kwana da kuɗi a aljihu ba zai jira wata 3 ba. Alayyafo yana isa yanka a mako 4, ga latas da rama da yakuwa, a ci a gida, a kai saura kasuwar ƙauye.

Shi tumatir, a zuba reno a Oktoba ko farkon Nuwamba, a dasa bayan mako 4 da yamma, santimita 60 tsakanin layi, 45 tsakanin tushe. Hikimar ita ce ya yi fure cikin hunturu. Wanda ya makara zafin Maris zai kakkaɓe masa fure. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, sai ya ruɓe tukuna. A riƙa ɗaga ganye ana dubawa: in aka ga farin tabo mai faɗi inda aka cinye cikin ganyen, tsutsar tumatir ɗin nan ce da ta yi ɓarna a Kano da Kaduna da Katsina a 2016. A tsinke ganyen a binne, kuma kada a nace wa maganin feshi iri ɗaya, tana saurin sabawa da shi. Inda aka cire tumatir kada tattasai ko gauta su biyo baya, dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Albasa kuwa a yanke mata ruwa mako 2 kafin cira, ta sha iska a inuwa, in ba haka ba a buhu za ta ruɓe.

A rarraba dashe mako biyu-biyu don kada kaya su nuna lokaci guda farashi ya karye. Wanda ya yi yawa a yanka a shanya kauɗa a kan tabarma. Mai son turo kaya Legas ya nemi akwatin roba, domin kwandon da aka ɗora wa wani kwando, na ƙasansa ruwa yake zama kafin mota ta wuce Ibadan.

Wassalam.
Wasu 'yan kasuwar kayan gwari,
Mile 12, Legas