Rahoton ayyukan ƙungiya na bana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga rahoton shekara nan, don Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara jefo tambayoyi a guruf.

Taron wata-wata an yi, banda na watan azumi da aka ɗage.

Babban abin da muka samu bana shi ne bitar na'urar HPLC, mai rarrabe sinadarai ta auna yawan kowanne, kan auna bitamin A da E da karotinoyid (sinadarai masu launi da ake samu daga ganyaye da 'ya'yan itatuwa) a ruwan jini, kuma alhamdulillah ta yi kyau fiye da yadda muka zata. Kowa da hannunsa ya yi, tun daga zuba itanol don furotin ya kwanta, a tsamo bitamin ɗin da heksen, a busar da iskar naitirojin, har zuwa tura shi cikin kolom na C18, wato bututun da ke rarrabe sinadaran. Da ritinol (bitamin A) ya fito a tsayin zangon haske na nanomita 325, tokoferol (bitamin E) a 292, bita-karotin da laikofin (nau'o'in karotinoyid) kuma a 450, duka daga samfuri ɗaya, wallahi sai da aka yi tafi a lab ɗin. Matasanmu da suka gama karatu ba su taɓa taɓa na'urar ba sai a littafi, ranar sun gane dalilin da ya sa ake rufe labule da amfani da kwalabe masu duhu, haske na lalata karotin tun kafin ka auna. Malamarmu ta tsaya sosai kan ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa ritinol ƙasa da maikiromol 0.70 a lita shi ne ƙaranci, amma ta ja kunne cewa yaro mai zazzaɓin cizon sauro ritinol ɗinsa na faɗuwa ko da yana da ajiya a hanta, shi ya sa dole a haɗa da gwajin CRP, mai nuna ko akwai kumburi ko ciwo a jiki, in ba haka ba sai ka rubuta ƙaranci inda babu. Allah ya saka mata da alheri, ko kuɗin mota ba ta karɓa ba.

To sai maganar binciken bitamin a jinin yara 'yan wata 6 zuwa 59 da ake ta cewa kwamiti ya yi barci. Ba barci muka yi ba. Sinadaran da ake daidaita na'ura da su da dala ake sayowa, heksen da metanol ma sai masu tsabtar HPLC, na kasuwa ba sa yi, sannan ba za mu ɗebi jinin 'ya'yan mutane ba alhali ba mu da tabbacin firiza za ta riƙe sanyi in an ɗauke wuta, janareta kuma mai yake sha. Bitamin D da K da wasu ke tambaya, na'urar da aka ara mana ba za ta ba da sakamakon da za mu tsaya a kai ba, musamman K da yake ɗan kaɗan ne ƙwarai a jini.

Duk wannan kuɗi ne, kuma mutum nawa ne suka biya na wata? Kullum fuskokin nan ne dai. Ni da ma'aji mun kira, mun tura saƙo, wasu sun gani sun yi shiru, amma ranar raba satifiket ɗin bita su ne a sahun gaba, gaskiya abin na ci mini rai. Wanda yake cikin matsi ya same ni a keɓe, babu wanda zai ji.

Ma'aji zai kawo sunayen masu bashi a taro na gaba, a nan ne kuma za a yanke ko binciken yaran zai tsallaka baɗi. A zo da wuri don Allah.

Sakatare