Lambar masu tsara matsalar ces ba sadaka ba ce

Ya Edita, assalamu alaikum.

Rubutun nan na ranar Asabar a shafinku na wasanni ya ɓata mini rai, kuma magana ɗaya ce ta jawo: inda marubucinku ya ce wai lambar girandmasta, mafi girman lambar ƙwarewa a ces, da ake bai wa masu tsara matsalolin wasan, wato masu jera 'ya'ya a allo don a nemo hanyar cin wasa ko ta canjaras, rarrashi ce kawai ga waɗanda suka kasa cin kowa a kan allo. Wa ya gaya masa haka? Da ya tambayi ko da mutum ɗaya da ya san sana'ar, da bai yi wannan katoɓara ba.

Ga yadda ake samun lambar, tunda shi bai bincika ba. Akwai kundi da ake kira FIDE Album, mai ɗauke da sunan hukumar ces ta duniya, kowane ɗaya yana tattara aikin shekara 3. Mai tsara matsala zai aika abin da ya riga ya buga a cikin waɗannan shekaru, alƙalai 3 su duba, kowanne ya ba da maki daga 0 zuwa 4. Sai jimilla ta kai 8 cikin 12 kafin matsala ta shiga kundin. Idan ta shiga, mai ita ya samu maki 1 tak. Idan nazarin ƙarshen wasa ne, wato irin wanda ake cewa fari, mai fararen 'ya'ya, ya ci ko ya yi canjaras ba tare da an ƙayyade yawan motsi ba, makinsa 1 da kashi biyu cikin uku. Idan mutum biyu suka haɗa hannu, raba makin ake yi. Ƙaramar lamba tana buƙatar maki 12, ta tsakiya 25, ta girandmasta kuwa 70. Malam Edita, ka buga lissafin da kanka: matsala 70, ko nazari 42, kowanne ya tsallake alƙalai uku da ba sa sanya. Wannan ce rarrashin? Gaskiya ne akwai wata lambar girmamawa daban da ake bai wa dattawan sana'ar, wataƙila ita ya ji ƙishin-ƙishin ɗinta ya haɗa su wuri guda. To ba ɗaya ba ne.

Kafin ma a kai ga alƙalai, abubuwa uku ne ke kashe matsala. Na farko shi ne a samu wata amsa ta biyu da mai tsarawa bai yi nufi ba, abin da 'yan sana'ar ke kira kuk. Da an gano shi aikin ya zube, ko da wata shida aka yi ana gina shi. Na biyu, a samu hanya biyu a tsakiyar amsa inda ya kamata a ce ɗaya ce. Na uku ya fi ciwo: ka gama, ka buga, sai wani ya zaƙulo cewa wani mutum ya riga ka wannan dabara shekara 60 da suka wuce a wata mujallar da ba ka taɓa jin sunanta ba. Yanzu kwamfuta na kama na farko da na biyu cikin ƙiftawar ido. Mutanen da marubucinku ke wa ba'a da ido da allo kaɗai suka yi nasu.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne hoton allon da kuka manna a ƙasan rubutun, ba sunan mai shi, ba shekara, sannan amsar da kuka bayar kuskure ce. Kowane gida a allo da harafi da lamba ake kiransa: sarkin fari a b6, sojansa a c6, sarkin baƙi a a1, hasumiyarsa, wato ruk, a d5. 'Ya'ya huɗu ke nan duka allon. Soja ya tafi c7, saura taki ɗaya ya kai ƙarshen allo, inda soja ke zama sarauniya ko hasumiya ko bishof ko doki. Hasumiya ta kai wa sarki hari daga d6, sarki ya sauko b5, ba c5 ba, domin daga c5 hasumiya za ta gangara d1 ta zagayo c1 ta cinye komai soja ya zama. Haka ake ta yi, hari daga d5, sarki b4, hari daga d4, sarki b3, hari daga d3, sarki c2. Nan baƙi ya koma d4 kamar ya saduda. Ku kuka ce soja ya shiga c8 ya zama sarauniya, fari ya ci. Bai ci ba! Hasumiya za ta faɗa c4 ta kai hari, dole sarauniya ta cinye ta, sarkin baƙi ya rasa inda zai taka alhali ba a kai masa hari ba, wasa ya tashi canjaras. Amsar ita ce soja ya zama hasumiya. Yanzu barazanar kisa ce daga a8, baƙi ya tare da hasumiya a a4, sarki ya dawo b3, ya sa hasumiyar a baki kuma ya buɗe hanyar kisa daga c1. Baƙi ba zai iya toshe ƙofa biyu da hannu ɗaya ba. Wani limamin coci ɗan Sifen mai suna Fernando Saavedra, mazaunin Gilasgo, shi ya hango wannan motsi a 1895, bayan mai kula da shafin ces na jaridar garin, Barbier, ya buga matsayin a kan cewa canjaras ne. Motsi ɗaya ya sa har yau ake kiran sunansa. Ku kuwa kun ɗauki aikinsa, kun goge sunan, kun ɓata amsar, sannan kuna raina masu irin wannan aiki.

Kuma batun sun kasa wasa ma ba haka yake ba. Genrikh Kasparyan, ɗaya daga cikin mutum huɗu da suka fara karɓar lambar a 1972, sau 10 yana zama zakaran Armeniya a kan allo. Sauran ukun su ne Lev Loshinsky, Eeltje Visserman da Comins Mansfield na Ingila, wanda ma'aikacin kamfanin taba ne, ya kuma haura shekara 70 kafin lambar ta zo masa. Sai 1976 Ingila ta samu girandmasta haifaffen ƙasar da ke buga wasa a kan allo, Tony Miles, shekara 4 bayan Mansfield.

Ba kuɗi a cikin wannan sana'a, kowa da aikin da yake ci da shi. Alexey Troitsky, wanda ake ɗauka uban nazarin ƙarshen wasa na zamani, ma'aikacin gandun daji ne, kuma yunwa ce ta kashe shi a 1942 lokacin da sojan Jamus suka yi wa Leningrad ƙawanya. Leonid Kubbel ma a wannan ƙawanya ya mutu a shekarar. Wani Bafaranshe, Pierre Drumare, ya kwashe sama da shekara 20 yana neman tsara matsalar da duk abin da sojan baƙi ya zama, sarauniya ko hasumiya ko bishof ko doki, dole fari ya mayar da nasa sojan irinsa sak kafin ya yi kisa. Ya gaji, ya ce ba za ta yiwu ba. A 1983 sai ga Leonid Yarosh, mai horar da 'yan ƙwallon ƙafa a Kazan, ya fito da ita, kisa a motsi 4. Ko a Bagadaza ta ƙarni na 9, wani gwanin wasan mai suna al-Adli ya tattara matsalolin ces, Larabawa na ce musu mansubat.

Ina roƙon ku sake buga allon da sunan Saavedra da shekarar 1895 da amsar da ta dace, a shafin da kuka yi kuskuren, ba a lungu ba.

Tunda na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da wannan: me ya samu haruffa masu lanƙwasa a jaridarku? Mako uku ke nan ƙ da ɗ da ɓ sun ɓace daga shafin farashin kasuwa. Ƙasa ta koma kasa, ɗari ta koma dari, mai karatu sai ya tsaya yana canke. A yi wa masu shirya shafin magana.

Naku mai karatu a kullum,
daga Zariya.