Wasiƙa ga Edita: Bankunan Zuba Jari da Ƙarancin Rance Mai Dogon Zango

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan harkar kuɗi a ƙasashe masu tasowa, musamman ɓangaren bankunan zuba jari, domin yawancin labaran da ake bugawa a kan bankuna ba sa wuce ribar da suka ci a ƙarshen shekara da yawan jarin da suka tara. Abin da ya fi damuna shi ne ko mai son kafa masana'anta ko tashar lantarki zai iya samun rancen shekara 10 ko 15 da kuɗin ƙasarsa, a kan ruwan da aikin zai iya biya. A yawancin ƙasashe masu tasowa ba zai samu ba, kuma daga wannan rashi ne rikice-rikicen bashi da dama suka samo asali.

Bankin da jama'a suka saba da shi yana karɓar ajiyar da mai ita zai iya zuwa gobe da safe ya cire, saboda haka ba zai yi gangancin binne ta a aikin da ba zai fara kawo riba ba sai bayan shekara 5. Shi kuwa bankin zuba jari ainihin aikinsa shi ne ya haɗa mai neman jari da masu kuɗin da ba sa gaggawar karɓar abinsu, wato asusun fansho da kamfanonin inshora da sauran manyan masu saka jari. Shi ne zai binciki kamfani, ya ƙiyasta darajarsa, ya tsara takardun hannun jari ko na lamuni (wato takardun bashi da ake sayar wa masu saka jari), ya yanke farashi, wani lokaci ma ya ɗauki alƙawarin saye duk abin da ya yi kwantai. Dillali ne, kuma kamar kowane dillali yana karɓar la'adarsa ranar da aka ƙulla ciniki, ko da kuwa bashin zai kai shekara 10 ana biyan sa, ko ma a kasa biya gaba ɗaya.

Dalilin da ya sa kuɗin dogon zango yake wahala a cikin gida ba ɓoyayye ba ne. Inda farashin kaya yake hauhawa kowace shekara, babu mai son ba da kuɗinsa na tsawon lokaci sai da ruwa mai tsadar gaske. Sannan ita gwamnati, wadda harajin da take tarawa ba ya isar ta, tana sayar da takardun bashi na wata 3 ko 6 ko shekara guda da ruwa mai tsoka, kuma bankin da zai ci riba ta wannan hanya yana zaune a ofis ba shi da dalilin wahalar da kansa wajen binciken littattafan wata masana'anta, ko neman takardar filin da za a ba shi jingina, ko jiran kotu ta yi shekaru kafin ta yanke hukunci in an ƙi biya. Hatta kuɗin fansho, wanda shi ne ya fi dacewa da ayyukan dogon zango, yakan ƙare a can. A Najeriya, alal misali, dokar fansho ta 2004 ta sa an tara tiriliyoyin naira, amma fiye da rabinsu suna cikin takardun bashin gwamnatin tarayya.

Da zarar an rasa a gida sai a juya ga dala, kuma nan ne hatsarin yake, domin wanda kuɗin shigarsa na gida ne amma bashinsa na dala ne, duk ranar da darajar kuɗin ƙasarsa ta faɗi bashin ya ƙaru ba tare da ya sake karɓar ko sisi ba. Tailan ta ɗanɗana wannan a 1997. Kamfanonin hada-hadar kuɗi na ƙasar sun yi ta ranto dala na gajeren lokaci suna zubawa a gine-gine, har aka kai ranar 2 ga Yuli da babban bankin ƙasar ya kasa ci gaba da kare darajar kuɗinta. Kafin shekarar ta ƙare an rufe 56 daga cikin waɗannan kamfanoni, rikicin kuma ya tsallaka Indonesiya da Koriya ta Kudu. Afirka ta bi irin wannan turba daga baya. Ghana ta sayar da takardun lamuni na dala miliyan 750 a kasuwannin waje a 2007, ta yi ta maimaitawa, sai ga shi a Disambar 2022 ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje. Zambiya ta riga ta a Nuwambar 2020, Habasha ta biyo baya a Disambar 2023. Bankunan da suka tsara waɗannan basussuka sun daɗe da karɓar ladan aikinsu.

Ba na cewa duk cinikin da manyan bankunan zuba jari na duniya suka tsara da ha'inci a ciki, amma akwai misalai biyu da suka kai gaban kotu waɗanda ya dace kowane ministan kuɗi ya san su. A 2013 da 2014 wasu kamfanoni uku mallakar gwamnatin Mozambik sun ci bashin kusan dala biliyan 2 ta hannun bankin Credit Suisse da bankin VTB na Rasha, da sunan sayen jiragen kamun kifi da tsaron gaɓar teku, gwamnati kuma ta tsaya musu ba tare da amincewar majalisa ba. Da asiri ya tonu a 2016, Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ƙasashe masu ba da tallafi suka janye hannu, kuɗin ƙasar ya karye, talakan da bai taɓa jin labarin bashin ba shi ya biya ta hanyar tsadar rayuwa. A 2021 Credit Suisse ya amince ya biya hukumomin Amurka da Birtaniya tarar kimanin dala miliyan 475, a 2024 kuma wata kotu a Amurka ta sami tsohon ministan kuɗin ƙasar, Manuel Chang, da laifi. Na biyu shi ne 1MDB, asusun zuba jari na gwamnatin Malesiya, wanda bankin Goldman Sachs ya tsara masa lamunin dala biliyan 6.5 a 2012 da 2013, ya karɓi kusan dala miliyan 600 a matsayin lada, adadin da ya ninka abin da aka saba biya sau da yawa. An wawure kaso mai yawa na kuɗin, bankin ya biya tarar fiye da dala biliyan 2.9 a 2020, tsohon firaminista Najib Razak kuma ya shiga gidan yari a 2022. A duka biyun, da an tilasta bayyana yawan la'adar tun da farko, da an sami masu yin tambaya da wuri.

Wasu suna ganin maganin shi ne a ƙara wa bankunan gida jari su yi ƙarfi. Ƙarfin yana da kyau, amma tarihi ya nuna bai wadatar ba. A 2004 Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Charles Soludo ya ɗaga mafi ƙarancin jari daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005. Da kuɗi suka yi musu yawa, wasunsu suka riƙa ba mutane rance don sayen hannun jari, har da na bankunan kansu. Kasuwar ta faɗi a 2008, a 2009 kuma sabon gwamnan Babban Bankin, Sanusi Lamido Sanusi, ya tsige shugabannin bankuna da dama, ya zuba naira biliyan 620 don ceto su, aka kafa hukumar AMCON a 2010 domin ta kwashe rubabbun basussuka. A Maris na 2024 an sake ɗaga jarin, inda aka buƙaci bankin da ke da lasisin ƙasa da ƙasa ya mallaki naira biliyan 500. In har takardun bashin gwamnati suka ci gaba da fin kowace sana'a riba, sabon jarin ma can zai nufa.

Abin da ya yi aiki a wurare da dama shi ne gina kasuwar lamuni da kuɗin gida a hankali. Malesiya, duk da abin kunyar da na ambata, ta ɗauki darasin 1997 da muhimmanci: ta faɗaɗa kasuwar takardun lamuni da kuɗinta, ta dogara ga asusun ajiyar ma'aikata da aka kafa tun 1951, ta kuma zama kan gaba a duniya wajen sukuk, wato takardun tara jari bisa tsarin Musulunci da ba su da kuɗin ruwa, wanda da shi ta gina manyan hanyoyi da tashoshin lantarki. Najeriya ta fara sayar da sukuk na naira biliyan 100 a 2017 don gyaran hanyoyi, kuma ni a ganina babban amfaninsa, bayan jawo waɗanda ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, shi ne an ɗaure kuɗin da aikin da mutum zai iya zuwa ya gani da idonsa. A shekarar dai aka kafa kamfanin InfraCredit, wanda yake tsaya wa kamfanonin da ke neman rance da naira don ayyukan more rayuwa, ta yadda asusun fansho zai iya saya ba tare da karya ƙa'idarsa ba. Irin wannan aiki ne nake son in ga bankunan zuba jari na cikin gida suna gasa a kansa. Sai dai ba na goyon bayan masu cewa gwamnati ta tilasta wa asusun fansho zuba kuɗi a ayyukanta, domin guzurin tsufan ma'aikaci ne, kuma aikin da ba zai iya biyan kansa ba, tilasci ba zai mai da shi mai riba ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne duk lokacin da wata gwamnati ko wani babban kamfani ya sanar da cewa ya yi nasarar sayar da takardun lamuni, kada wakilanka su tsaya a kan cewa masu saye sun yi rububi, domin bashi mai ruwa da yawa ba ya rasa masu rububi. Su tambaya da wane kuɗi za a biya, shekara nawa aka ɗiba, wane banki ne ya tsara cinikin kuma nawa aka biya shi, ko majalisa ta amince, da kuma wane aiki ne zai samar da kuɗin biya. In an ƙi ba su amsa, su buga cewa an ƙi.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarka