Lambar da Aka Maƙala Maka

Unguwar Dosa, Kaduna

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da yaranka. Hoton ya iso. Ƙanwarka ta buɗe mana a waya bayan isha'i, muka ga kwamandanku yana maƙala maka lambar yabo a ƙirji, kai kuma ka ƙame da sandar guragu a gefenka. An ba ni labarin yadda aka yi muku kwanton ɓauna ka ƙi janyewa, sai da aka kwashe masu rauni kaf. Haka ake son hafsa. Allah ya yi maka albarka.

To amma a bakin mutanen waje na ji cewa ka bar Asibitin Sojoji na 44 tun likita bai gama da ƙafarka ba, ka roƙa da kanka a mayar da kai bakin daga. Ko sallama ba ka zo ka yi mana ba, don ka san abin da zan ce.

Ka fi ni sanin Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali. Da tankokinsa aka ƙwato Baga a 2015, aka yi masa ƙarin girma na musamman daga manjo, sojoji suna kiransa Sarkin Yaƙi. A Nuwamban 2016 aka kashe shi a Malam Fatori. Allah ya jiƙansa. Ban ce yabo ne ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma ni na yi Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a 1990, na ga abin da yabo ke yi wa matashin hafsa. Daga ranar, duk inda wuta ta yi zafi shi za a fara kira, kunya ta hana shi cewa a dakata a sake duba hanya. Kafin ka ankara ya fara yaƙi don kare sunansa. Wannan ne ke hana ni barci, ba harsashi ba. Yaran da ke bin bayanka su ma 'ya'yan wasu ne! Wa ya ce maka gurgunta zuwa daji jarumta ce? Taurin kai ne, kuma na san inda ka gado shi.

Mamarka har yau cewa take ni na jefa ka. Ƙwarai, ni na kai ka NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, na ajiye ka a ƙofarta da ke Afaka, kuma da za a sake zan sake. Da albashin kaki aka ɗora kwanon gidan nan.

Ba na cewa ka gudu, ɗana bai gudu. Ka bari dai ƙafar ta warke, ka riƙa jin shawarar tsofaffin sajan ɗinka. Matarka na nan wurinmu, cikin ya tsufa. Ka kira mamarka ranar Juma'a, ko ba ka son jin muryata.

Mahaifinka