Wasiƙa Kan Giyar da Ta Ƙi Washewa

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, wasiƙarka ta iso gare ni, na kuma karanta kukan da ka yi game da giyar sha'ir da ka haɗa a gida, wadda ka ce ta fito a dagule, tana ƙamshin man shanu, ga kuma ɗanɗano irin na ɗanyen tuffa. Kada ka zubar da ita tukuna. Dagulewar da ta fi tsaya maka a rai ita ce mafi ƙanƙantar matsalarka, sauran alamun biyu kuwa abu guda suke nunawa: ka raba giyar da yistinta tun bai gama aikinsa ba.

Yayin da yisti yake cin sukarin tsiro yana mayar da shi barasa, yakan fitar da wasu sinadarai, daga baya kuma ya dawo ya shanye su idan an ba shi lokaci. Ɗaya shi ne asitaldihaid, mai ɗanɗanon ɗanyen tuffa. Ɗayan shi ne dayasetil, wanda yake ba da ƙamshin man shanu da ɗan santsi a harshe. Kwanciyar kumfa ba shaida ba ce ta cewa giya ta gama tsima. Shaidar da za ka amince da ita ita ce ma'aunin kaurin ruwa: ka auna yau, ka sake aunawa bayan kwana biyu ko uku, idan lambar ba ta motsa ba to sukari ya ƙare, kuma ko a nan ma ka ƙara mata wasu kwanaki a kan yistin kafin ka ɗura. Tun da ka riga ka ɗura wannan, ka ajiye kwalaben a ɗumin ɗaki na mako biyu ko uku, domin ɗan yistin da ya rage a cikinsu zai iya rage aibin. Sai dai ka riƙa buɗe ɗaya jefi-jefi, saboda giyar da aka ɗura da sauran sukari tana ci gaba da tara iska har ta fasa kwalba. Idan ka ga tana ambaliya da zarar an buɗe, ka maza ka sanyaya sauran.

Ba ka faɗa mini zafin wurin da ka ajiye tulun ba, ina kuwa zargin nan ma da magana. Giya manyan nau'i biyu ce, el da laga: yawancin yistin el yana son digiri 18 zuwa 22 a ma'aunin Salshiyas, na laga kuwa tsakanin 7 da 13, kuma cikin tulu yakan fi ɗaki zafi da wasu digirori a kwanakin farko, domin aikin yistin kansa yana haifar da zafi. Idan zafin ya wuce kima, giya takan yi ƙamshin ayaba mai yawa, ta kuma riƙa ƙona maƙogwaro da wani gafi irin na fenti. Wannan aibin jira ba ya cika warkar da shi, maganinsa shi ne sanya tulun cikin baho mai ruwan sanyi tun ranar farko.

Akwai hanya mai sauƙi ta rarrabe laifin gaggawa da laifin ƙazanta: na farko raguwa yake yi da kwanaki, na biyu kuwa ƙaruwa yake yi. Idan bayan mako uku man shanun ya ƙara ƙarfi, tsami ya shigo, ko ka ga wata farar yana a saman giyar ko zobe a wuyan kwalba, to ƙwayoyin bakteriya ne suka shiga, wasunsu ma suna yin dayasetil da kansu. Wannan sani ba sabo ba ne. A 1876 Louis Pasteur na Faransa ya wallafa bincikensa da ya nuna cewa baƙin ƙwayoyin halitta ne suke ɓata giya, a 1883 kuma Emil Christian Hansen ya ware tsantsar yisti iri guda a ɗakin binciken kamfanin giya na Carlsberg da ke Kofanhegan a Denmark. Wanke kaya daban, kashe ƙwayoyin da ke jikinsu daban, kuma duk abin da zai taɓa ruwan tsiron bayan ya huce daga tafasa yana bukatar duka biyun. Bokitin roba da ya karce a ciki da tsohon tiyo su ne maɓoyar da aka fi mantawa da ita, kuma sauya su ya fi ƙoƙarin ceto su.

Idan da bilic kake tsabtace kayanka, ka ɗauraye sosai da tafasasshen ruwa, domin kulorin, ko na bilic ko na ruwan famfo, yana haɗuwa da wasu sinadaran giya ya ba da warin magani irin na filasta. Ƙwayar Campden guda, wato ƙwayar sinadarin salfait da masu haɗa giya suke amfani da ita, tana kawar da kulorin daga ruwa kimanin lita 75. Sauran aibobin ba sa bukatar dogon bayani. Ƙamshin dafaffiyar masara yana zuwa idan an rufe tukunya lokacin tafasa ko an bar ruwan ya daɗe bai huce ba, don haka ka tafasa a buɗe na tsawon awa guda aƙalla. Ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali daga iska yake, idan an fantsama giyar wajen juyewa bayan ta tsima. Bauri yana fitowa daga ɓawon hatsi idan ruwan ɗaurayar tsiro ya haura digiri 77. Hasken rana kuma yana sa furen hop, wanda ake sa wa giya don ɗaci da ƙamshi, ya yi wari cikin ɗan lokaci, shi ya sa kwalba mai launin ƙasa ta fi kore ko fara kariya.

Yanzu ga batun dagulewa. Ka zuba kofi biyu, ɗaya daga firji, ɗaya ka bar shi ya yi ɗumin ɗaki. Idan mai sanyin ne kaɗai ya yi hazo, to furotin ne da sinadaran ɓawo suke haɗuwa a sanyi su rabu a ɗumi, kuma ba sa taɓa ɗanɗano. Idan duka biyun a dagule suke, mai yiwuwa yisti ne bai kwanta ba, abin da ya dace da gaggawar da nake zato. Kwana biyu ko uku a sanyin digiri 0 zuwa 4 zai saukar da shi ƙasa, sai ka riƙa tsiyayewa a hankali kana barin lakar a gindin kwalba. Akwai kuma hazon sitaci, wanda ake ganowa tun wajen jiƙa tsiro: ka ɗiga aidin a kan cokali guda na ruwan a farin faranti, idan ya yi baƙi-baƙi to sitaci bai gama zama sukari ba, sai ka ƙara lokaci. Masu son giya garau sukan sa gansakukar teku da ake kira Irish moss a minti 15 na ƙarshen tafasa, ko jelatin bayan sanyayawa. Ni dai ban ga dalilin wahala a kan wannan ba muddin ɗanɗano ya yi daidai, tun da giyar alkama ta Bavariya da ke Jamus a dagule ake shanta, ba kuma wanda yake kiran hakan aibi.

A haɗi na gaba ka sauya abu guda kawai, wato ka ƙara kwanakin tsimawa, ka bar sauran yadda suke, don ka san abin da ya kawo gyara. Ka rubuto mini nau'in yistin da ka sa, da zafin ɗakin, da lambobin ma'auni na farko da na ƙarshe, da kuma yadda kwalaben suka kasance bayan mako uku. Ka gaishe mini da mutanen gida.

Naka amini.