A Duba Waɗanda Ke Yanke Hukunci Kan Masu Neman Mafaka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ana yawan kawo labarin masu neman mafaka a Turai, amma ba kasafai ake duba waɗanda ke yanke musu hukunci ba.

A Jamus, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da baƙi da 'yan gudun hijira, wato BAMF, mai hedikwata a Nuremberg ce ke wannan aiki. A 2016 ta karɓi takardun neman mafaka kusan 745,000. Da aiki ya yi mata yawa, sai ta ɗauki dubban ma'aikata cikin gaggawa, wasu ma aro aka yi daga wasu ma'aikatun, aka yi musu horo na 'yan makonni. Sau da yawa wanda ya saurari mutum daban, wanda ya yanke hukunci daban, bai taɓa ganin fuskarsa ba.

A wannan hargitsi ne wani sojan Jamus ya ce shi ɗan Siriya ne, aka yi masa tambayoyi da Faransanci, aka ba shi kariya. Sai 2017 asirinsa ya tonu.

Abin da ke damuna shi ne mai gaskiya da ya tsere wa mutuwa, wanda rayuwarsa ta rataya a bakin tafinta da jami'in da bai san ƙasarsa ba. Don Allah jaridarku ta bincika mana wannan.

Naku,
Mai karatu daga Kano